Ko Fatake Suna Yada Zango: Nasiha Ga Mai Sana'ar Da Ke Tsaye Shi Kaɗai



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, makonni uku da suka wuce wani ɗan'uwanmu da muke tsayawa sahu ɗaya da shi a wannan masallaci ya yanke jiki ya faɗi a cikin shagonsa, wajen ƙarfe 11 na dare. Wani maƙwabcinsa Bayarabe ne ya gan shi ya kira mu. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, ga kuma rashin barci. Alhamdu lillahi yanzu ya fara takawa, amma hannunsa na hagu bai dawo daidai ba tukuna. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma da izininsa muke ba da labarin. Shi da bakinsa ya ce mana: "Ku faɗa wa jama'a, ko Allah zai sa wani ya tsira."

Abin da ya fi tayar mana da hankali ya faru ne bayan an kwantar da shi. 'Yan kwamiti suka je da ƙaninsa don a buɗe shagon, iyali su samu na cefane da na magani. Muka tarar babu littafi ko ɗaya. Farashin kaya yana kansa. Waɗanda yake bi bashi suna kansa. Mutum biyu da yake sarin kaya a wajensu suka zo suka ce suna bin sa kuɗi, babu mai iya cewa gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, shi kuwa a lokacin ko magana ba ya iya yi sosai. Kuɗin ciniki da ake masa taransifa suna cikin waya, wayar kuma a kulle. Haka shagon ya yi kwana 12 a rufe, kwastomomi suka koma wani wuri. Shekara 11 bawan Allah nan yana gina wannan shago, ashe duk ginin a kan ƙafafunsa biyu yake tsaye.

Da muka kai wa Malam Liman bayani, sai ya ce a rubuta wannan nasiha a takardar Juma'ar nan, domin mafi yawanmu haka muke. Mai shayi, mai kanti, mai POS, mai tsire, mai goro, tela, mai gyaran takalmi, mai saro tumatir da albasa daga Mile 12, har da iyayenmu mata masu ɗinki da ƙunshi da abincin sayarwa da tallar atamfa ta WhatsApp. Kowa shi ne mai saro kaya, shi ne mai jiran shago, shi ne akawu, shi ne maigadi. Mu da muka rubuta ba malamai ba ne, 'yan'uwanku ne 'yan kasuwa. Abin da ya shafi hukunci mun karanta wa Malam ya duba.

Mun san ba son zuciya ne ya sa mutane suke kashe kansu da aiki ba. Zaman Kurmi zaman nema ne. Ga kuɗin haya na ɗaki da na shago, ga makarantar yara, ga iyaye da ƙanne a gida Arewa suna jiran aike. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na janareto da farashin sari suka tashi, sai mutum ya ga mafita ɗaya ce: ya ƙara awoyi. Wanda yake rufewa ƙarfe 9 ya koma 11, mai 11 ya koma 1 na dare. To amma awoyin yini 24 ne, ba sa ƙaruwa. Duk sana'ar da ba ta da hanyar girma sai ta ƙarin awoyin mai ita, tana da iyaka, kuma iyakar ita ce ranar da jikinsa ya ce ya gaji.

Mu duba abin da addini ya koya mana. Imam Bukhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya ƙara musu yarda, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka a tsakaninsu. Salman ya kai ziyara, ya tarar da matar Abud Darda'i babu ado babu kwalliya. Da ya tambaya, ta nuna masa cewa mijinta ya juya wa duniya baya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i yana azumin nafila, Salman ya ƙi ci sai sun ci tare. Da dare ya yi, duk lokacin da Abud Darda'i ya yunƙura zai tashi salla sai Salman ya sa shi ya koma ya kwanta, sai a ƙarshen dare suka tashi suka yi tare. Sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma suna da hakki, kuma kowane mai hakki a ba shi nasa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salman.

To jama'a, mu yi tunani. Azumi ne fa da ƙiyamul laili aka ce kada su cinye hakkin jiki da na iyali. Ina ga sayar da madara da sukari? Mutum ya fita yara suna barci, ya dawo suna barci, mako guda bai zauna da matarsa sun yi hirar minti goma ba, sallar Asuba kuwa sai rana ta fito saboda bai kwanta ba sai ƙarfe 2. In aka yi magana ya ce ai don su nake yi. Gaskiya ne don su kake yi, amma kai ɗin ma suna bukatarka, da lafiyarka.

Musulunci bai hana nema ba. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai. Ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ribarsa ta farko ɗan cuku ne da man shanu. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Haka nan a ƙarshen Suratul Jumu'a, Allah Ya umarce mu da barin ciniki in an kira sallar Juma'a, sannan Ya ba mu izinin watsuwa mu nemi falalarSa in an idar. A surar an yi maganar ranar da ayarin fatake ya shigo Madina Annabi (SAW) yana huɗuba, mutane suka fice, har ruwaya ta nuna mutum 12 ne kawai suka rage. Darasin a fili yake: ciniki yana da lokacin buɗewa, yana da lokacin rufewa, kuma wanda ya rufe don Allah bai yi asarar komai ba.

Ko a al'adarmu haka abin yake. Kakanninmu fatake da suke tafiya daga Kano zuwa Gwanja saro goro, tafiyar watanni ce a ƙasa da jakuna. Ba a yin ta da mutum ɗaya: akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai masu kula da dabbobi. In sun yi tafiyar yini sai su yada zango, a sauke wa jakuna kaya su yi kiwo, a dafa abinci, a kwana. Sun san jakin da ba a sauke wa kaya ba, ba zai kai Salaga ba. Har yau a ƙasar Gana unguwannin da mutanenmu suka zauna zango ake ce musu. Wato sunan mazauninmu ma daga wurin hutawa ya samo asali. Goron nan kuma shi ya kawo iyayenmu nan Agege. Yaya za a yi jikokin fatake su manta da zango?

Ga abubuwa shida da muka tattara daga bakin Malam da kuma dattawan kasuwa da Allah Ya yi wa buɗi a cikinmu.

Na farko, ka fitar da sana'ar daga kanka ka sa ta a takarda. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Littafin makaranta guda biyu sun isa. Ɗaya na ciniki: abin da ka saro da farashinsa, abin da ka sayar, abin da ka kashe. Ɗaya na bashi: wa kake bi, wa yake bin ka, nawa, yaushe za a biya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa bayan Magariba. Kuma mutum ɗaya amintacce, matarka ko ƙaninka, ya san inda littafin yake da bankin da kake ajiya. Wannan maganar lahira ce ma, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi zunubansa amma ban da bashi. Kada ka bar magada cikin duhu. Sannan wanda ya rubuta yana samun barci, don ba ya kwana yana lissafi a ka.

Zakka ma ba ta fita daidai sai da lissafi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa suke juyawa kullum, wanda malamai ke kira mudir, yana ware wata guda a shekara, ya ƙiyasta kuɗin kayan da ke shago, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi. In sun kai nisabi, wato kimar dinari 20, kusan giram 85 na zinariya, sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Yadda ake yi da bashin da ake bin ka kuwa, a tuntuɓi Malam.

Na biyu, ka raba aljihu uku: uwar kuɗi, kuɗin gida, da ajiya. Yawancinmu akwati ɗaya ne, asusun banki ɗaya ne. Daga nan ake cefane, daga nan ake aike gida, daga nan ake gudummawar biki. Sai mutum ya ga ciniki yana tafiya amma shago yana ramewa, ya ɗauka bai yi aiki sosai ba ne, ya ƙara awoyi, alhali jarin yake ci. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa yaro. A misali, in littafi ya nuna ribarka a mako Naira 50,000 ce, kana iya cewa 30,000 na gida da aike, 12,000 su koma jari, 8,000 ajiya don rashin lafiya da haya da tafiyar Salla. Kowa ya duba nasa hali, amma a yanke tun kafin kuɗin su shigo. Aike gida ma a sa masa rana da adadi, a yi wa 'yan'uwa bayani da ladabi. Zumunci wajibi ne, amma in jari ya karye, kai da su duk kun rasa.

Na uku, ka gano awoyin da suke ba ka riba da kayan da suke ba ka riba. Ka yi mako biyu kana rubuta cinikin da ka yi bayan ƙarfe 10 na dare daban. Ka cire kuɗin man janareto, ka cire kuɗin motar dare. Wasu daga cikinmu da suka gwada sun tarar abin da ya rage bai kai kuɗin maganin ciwon kai ba. Mai shayi da mai tsire, mun san kasuwarsu ta dare ce. Su sai su nemi barcinsu da rana, kada su haɗa da wata sana'ar ta yini. Taura biyu ba ta taunuwa. Haka kaya: duk abin da ya yi wata uku a kan kanta bai motsa ba, kuɗinka ne ya kwanta. Ka karyar da shi ko a kan uwar kuɗi, ka zuba a abin da yake tafiya. Kaya kala 20 masu gudu sun fi kala 100 masu ƙura. Kuma mu riƙi sammako. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita. Sammako kuwa ba ya yiwuwa ga wanda bai kwanta da wuri ba.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawa muna cewa yaran yanzu ba amana. Akwai gaskiya a ciki, amma mu tambayi kanmu: mun yanka masa hakki bayyananne? Muna biya a kan lokaci? Annabi (SAW) ya yi umarni da a gaggauta biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Yaron da ba shi da albashi, ba shi da ranar da za a sallame shi, kuma babu littafin da za a kama shi da shi, mu ne muka buɗe masa ƙofar ɓarna. Mu dubi maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo a Alaba da Ladipo: yaro yana yi wa ubangidansa hidima na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kai, in ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Mu ma iyayenmu haka suka yaye yaransu a fataucin goro da shanu. Ka fara da kaɗan: ka bar masa shago awa biyu bayan Azahar, ka ƙirga kaya kafin da bayan. In ya riƙe amana wata uku, ka ƙara masa. Amma kada a cire yaro daga makaranta ko a ɗora wa yarinya talla da sunan taimakon sana'a.

In kuma kana son reshe na biyu, akwai ƙiradi: kai ka ba da kuɗi, wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka amince, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi tsayayye ba. In an yi asara ba tare da sakacinsa ba, kai ka rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa. Uwar Muminai Nana Khadija tana zaune a Makka dukiyarta take zuwa Sham a hannun amintattu, har Annabi (SAW) ya yi mata wannan tafiya tare da yaronta Maisara kafin aurensu. A rubuta yarjejeniya, a kafa shaidu biyu.

Na biyar, kada ka girma da kuɗin ruwa. Waɗannan manhajojin bashi na waya suna ba ka kuɗi cikin minti biyar, su ɗora ruwa mai yawa a kan 'yan kwanaki, in ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna ci maka mutunci. Riba haramun ce, kuma babu abin da yake hana ɗan kasuwa barci kamarta. Adashi da mutanen kirki, ko karɓar kaya a hannun dila bisa amana da rubutu, ko mayar da riba cikin jari a hankali, sun fi. Sannu ba ta hana zuwa. Uwar Muminai A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ibada ake nufi, amma ɗan kasuwa ma yana da darasi a ciki.

Na shida, jikinka amana ne, kuma shi ne babban jarinka. Likitoci suna cewa baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama har sai ya yi ɓarna, kuma awo daga 140 bisa 90 zuwa sama abin zuwa ganin likita ne. Awon ba ya cin minti biyar. Ka ci abinci a zaune, ka sha ruwa, ka yi ƙailula ko ta minti 20 ce. Muna kuma jan kunnen matasanmu masu shan tramol da sauran ƙwayoyi wai don su jure aiki. Wallahi bashi ne kake ci a jikinka, kuma za ka biya da ƙodarka da hankalinka, ga saɓon Allah. Ka ware wa kanka zango: ko rabin yinin Juma'a, ko safiyar Lahadi da gari yake shiru. Iyayenmu mata masu ciniki ta waya, ku sa wa kwastomomi lokaci. Saƙon da ya shigo ƙarfe 12 na dare zai iya jira har gari ya waye. Mazaje kuma ku tuna sana'arta ƙari ce a kan girki da reno, ku taya ta, kada ku cinye mata jari da sunan aro.

Wani zai ce, in na rufe da wuri maƙwabcina zai kwashe kwastomomina. Ɗan'uwa, rabonka ba ya shiga aljihun wani. Abin da yake riƙe kwastoma shi ne cika mudu, gaskiya a farashi, sakin fuska, da sanin cewa kullum ƙarfe kaza zai same ka a buɗe. Wanda bai yi barci ba kuwa shi ne mai faɗa da kwastoma, shi ne mai kuskuren canji, shi ne wanda ake yi wa alat na bogi bai lura ba. Tawakkali shi ne ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Littafin lissafi da yaro amintacce da barci isasshe, duk suna cikin igiyar.

Don kada magana ta tsaya a takarda, kwamiti ya yanke abubuwa uku. Juma'a mai zuwa in sha Allah, bayan an idar da salla, wani ɗan'uwanmu ma'aikacin lafiya zai zauna a harabar masallaci yana auna jini kyauta. Mata kuma za a yi nasu a ajin Islamiyya ranar Asabar. Duk mai son a nuna masa yadda ake tsara littafin ciniki da na bashi, da boko ko da ajami, ya same mu a ofishin masallaci tsakanin Magariba da Isha'i. Sannan akwatin taimakon ɗan'uwanmu da ke jinya yana bakin ƙofa. Wanda kuma ya san yana riƙe da bashinsa, ya ji tsoron Allah ya kawo, ko da babu takardar da za ta kama shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu da jikkunanmu da iyalanmu, Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga bashi da riba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowane matafiyi gida cikin aminci. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti